Tsargiya: Tsutsar da Ke Tsakanin Yaranku da Garkenku

Ya ku iyaye, idan kun ga jini a ƙarshen fitsarin yaro, kada ku ɗauke shi alamar balaga. Tsargiya ce, tsutsa ke kawo ta. Tana zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta na raunata mafitsarar kafin su fita da fitsari. Jinin da ke zuba kaɗan-kaɗan yakan cinye amfanin kunu da furar da kuke ba yaro, sai ƙarancin jini da kasala su biyo baya, girma ya tsaya.

Ƙwan da ya faɗa tabki yakan ƙyanƙyashe, ya shiga ƙaramar katantanwa, daga can tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka. A arewacin Adar, inda tabki kamar na Tabalak ke shayar da mutane da dabbobi, ku sani shanu da tumaki da awaki ma suna da tasu tsargiyar.

An daɗe ana ɗaukan tsutsar mutum daban, ta dabba daban. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna iyakar ba ta da tsauri haka. A 1993 masana suka ba da rahoton cewa tsutsar tsargiyar mutane a Nijar na ɗauke da wani ɓangare na gadon tsutsar shanu. A 2016 kuma aka ba da rahoton samun ruwa-biyun tsutsotsin dabbobi a jikin ɗan Adam a jihar Tillabéri. Siffa kan ruɗi ido: a Ostareliya ma, tsutsotsin cikin kangaru da ake zaton iri ɗaya ne, binciken gado ya raba su iri-iri.

Abin kwantar da hankali, maganin praziquantel, wanda Nijar ta fara rabawa a makarantu tun 2004, yana kashe su. Ku ba yaro abinci kafin ya sha. Amma ba ya hana sabuwar tsutsa shiga, don haka kada ku bari zagayen rabo ya wuce yaronku. Albendazole na tsutsar hanji ne, ba ya maganin tsargiya.

Ku hana yara fitsari cikin tabki. Ruwan tabkin da za a yi wa ƙaramin yaro wanka, a ajiye shi kwana 2 tukuna. Wanda ke fitsarin jini, a kai shi gidan likita.