Canza Sunan da Kwamfutocin Ma'aikata Suke Amsawa

A shekarar 1976 aka raba Jihar Arewa maso Yamma, sai akawun Boɗinga da na Shagari suka wayi gari a cikin Jihar Sakkwato. Hatimi ya sake, kan takardu ya sake, amma tsofaffin fayiloli suna nan da sunansu na da, kuma tilas a ci gaba da aiki da su.

To, haka al'amarin yake ga kwamfutocin kamfani ko ma'aikata. Dukkansu suna ƙarƙashin suna guda, tamkar sunan gida. Da shi suke gane juna, ta kansa kuma ake tantance ma'aikaci in ya ba da kalmar sirrinsa. In aka canza sunan dare ɗaya, duk na'urar da ba a sanar da ita ba sai ta yi ta sallama a ƙofar da aka toshe. Wasiƙu su maƙale, takardar albashi ta ƙi fitowa, ga shi kuwa wata ya ƙare.

Saboda haka masana sukan fara bin diddigin duk inda aka rubuta tsohon sunan, su adana kwafin bayanai, sa'an nan su bar shi yana nuni zuwa ga sabon har tsawon watanni.