Makarantar da Ba a Kulle Ƙofarta da Yamma

A garuruwa da yawa babu ginin jama'a da ya kai makaranta cin kuɗi, kuma babu wanda ya kai ta zama a kulle. Da an kaɗa ƙararrawar tashi sai maigadi ya sa kwaɗo, azuzuwa da filin wasa su kwana babu kowa, haka ma ranakun hutu. Wani jami'in ilimi a Ingila mai suna Henry Morris ya ɗauki wannan a matsayin asara, ya kuma ƙare rayuwarsa ta aiki yana yaƙi da ita.

A 1922 aka naɗa Morris shugaban sashen ilimi na lardin Cambridgeshire. Jin sunan, sai mutum ya tuna da shahararriyar jami'ar nan ta Cambridge, amma ƙauyukan da ke kewaye da ita talauci ya yi musu katutu. Injuna sun rage aikin gona, samari na ta kwarara birni. Yaron ƙauye kan zauna a 'yar makaranta guda, manya da ƙanana a haɗe, har ya cika shekara 14, daga nan karatu ya ƙare.

A 1924 Morris ya rubuta takardar shawara kan abin da ya kira kwalejin ƙauye. Ya ce a tattara manyan yaran ƙauyuka da dama a makaranta ɗaya mai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da wurin koyon sana'a, amma kada ginin ya zama na yara kaɗai. A sa masa ɗakin karatu na jama'a, da zauren taro, da wurin duba lafiyar jarirai, da ɗakunan da ƙungiyoyi za su riƙa zama. Da rana ɗa ya koyi lissafi, da dare uban ya zo darasin noma ko sassaƙa. Lardin ba shi da kuɗin wannan buri, don haka Morris ya bi masu hannu da shuni da gidauniyoyi yana roƙo, har aka buɗe ta farko a Sawston a 1930. Bottisham da Linton suka biyo baya a 1937.

Wadda ta fi yin suna ita ce ta Impington, da aka buɗe a 1939. Walter Gropius, Bajamushen da ya kafa makarantar zane ta Bauhaus kafin ya baro ƙasarsa a zamanin mulkin Hitila, shi ya tsara ta tare da Maxwell Fry. Iyalan Chivers, masu masana'antar sarrafa 'ya'yan itace a yankin, suka ba da fili.

A tsarin ginin ne hikimar take. Azuzuwan yara suna ɓangare guda, da manyan tagogi masu kallon lambu. Manya kuma an ware musu nasu reshe, mai ɗakin karatu da ɗakunan wasa da na ganawa, waɗanda ke buɗe ko ana tsakiyar darasi, ba tare da an dami kowa ba. Zauren taro na nan kusa da mashiga, ta yadda wanda ya zo kallon wasan kwaikwayo ba sai ya ratsa azuzuwa ba. Tsakaninsu duka aka shimfiɗa wata doguwar farfajiya mai rufi da faɗi, wadda ta wuce hanyar wucewa kawai: nan ake tsayawa a gaisa, a sha shayi, a baje kolin kayan hannu, tamkar zauren gidan mai gari. Morris ya san dattijon da ya bar makaranta da ɗacin rai ba zai dawo ya ɗosana a kan bencin ɗan shekara 12 ba. Sai an ba shi kujera daidai shi da ɗakin da zai ji nasa ne.

Mai karatu a Kano ko Damagaram ba zai ga abin baƙo ba sarai, domin azuzuwan firamare da yawa kan koma Islamiyya da la'asar, ko ajin yaƙi da jahilci, ko rumfar zaɓe. Bambancin shi ne waɗannan aro ake yi. Ba a gina su da manya a zuci ba, shi ya sa za ka tarar babu fitila, babu banɗakin kirki, babu ma'ajiyar da malamin rana zai kulle kayansa.

Haɗa gini ba ya rasa rigima, ko a Ingila. Wa zai biya kuɗin wuta da ɗumama ɗaki? Wa zai share bayan taron dare, wa zai gyara kujerar da aka karya? A kwalejojin Morris an ɗora wa shugaba guda alhakin rana da dare, aka kuma naɗa malami na musamman mai kula da karatun manya. Yanzu an sami ƙarin damuwa, wato kare yara daga baƙin da ba a san su ba, abin da ya sa masu zane ke raba ƙofofin shiga, su tsara ginin yadda za a kulle ɓangaren azuzuwa a bar zaure da filin wasa a buɗe.

Morris ya yi ritaya a 1954, ya rasu a 1961. Lardin Leicestershire da wasu sun ɗauki tsarinsa, Impington kuma har yau tana aiki, tana cikin gine-ginen tarihi masu daraja ta ɗaya da dokar Ingila ta hana a rushe.