Sirrin ƙiriniyar yana cikin dare

Akwai yaron da malamai suka gaji da shi. Ba ya zama wuri ɗaya, abu kaɗan ya harzuƙa shi, karatu kuma ba ya shiga. A gida a ce taurin kai ne, a ɗauko bulala. Ga shi kuwa da an idar da isha'i yake kwanciya, sai asuba. To daga ina matsalar take?

A 1998 wani likita a Amurka, David Gozal, ya fara gano bakin zaren. Ya gwada numfashin yara 297 'yan aji ɗaya da ke ƙarshen aji a jarrabawa, suna cikin barci. Ya tarar 54 daga cikinsu ba sa samun isasshiyar iska da dare.

Me ke tare musu iskar? Minshari ne ya tona asirin. A gefen maƙogwaron yaro akwai ƙululun nama biyu, da wani a bayan hanci. Idan suka yi girma, da barci ya yi nauyi sai hanyar iska ta toshe, ƙwaƙwalwa ta zabura don a ja numfashi, yaron ya koma barci bai ma sani ba. Haka za a yi ta yi har gari ya waye. Iyaye suna ƙirga awoyi, amma barcin a tsittsinke yake.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa yaron ba ya gyangyaɗi da rana? Babba in bai yi barci ba sai ya yi ta hamma. Yaro kuwa yakan yaƙi gajiyar da motsi, da tsalle, da saurin fushi.

A 2006 Ronald Chervin na Jami'ar Michigan ya kawo hujja. Cikin yara 78 da aka cire wa wannan naman, 22 na da lalurar rashin natsuwa. Bayan shekara guda, rabinsu sun fita daga sahun masu ita.

Ba kowace ƙiriniya ce daga minshari ba, ba kuma kowane yaro ke buƙatar tiyata ba. Wannan naman ba shi ne belin da wanzami ke yankewa ba, don haka kada a kai yaron wurinsa. Kafin a daki yaro, a tsaya a saurari barcinsa. In yana minshari kullum, baki buɗe, numfashi na ɗaukewa, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.