3.2 Kafa Makwaikwayin Kwamfuta da Yadda Ake Amfani da Shi

A wannan sashe za a yi bayani a kan makwaikwayin kwamfuta da matakan kafa shi, inda aka ɗauki QEMU a matsayin misali. Makwaikwayi wata manhaja ce da ke sa kwamfuta ta ɗauki halayen wata kwamfutar daban, ta yadda babbar manhajar da aka tsara domin waccan na'ura za ta yi aiki a cikin wannan. Ainihin kwamfutar ita ake kira mai masauki, babbar manhajar da aka ɗora a cikin makwaikwayin kuwa ita ce baƙuwa.

3.2.1 Dalilin Buƙatarsa

Sanin kowa ne cewa na'ura kan tsufa ta bar bayanan da aka ajiye da ita. Alal misali, Windows mai bit 64 ba ta iya tafiyar da manhajojin MS-DOS, wadda ta fito a shekarar 1981. Ke nan wanda ya buga rubutunsa da WordStar, ko ya ajiye lissafin kasuwancinsa da wata manhajar wancan zamani, zai iya rasa hanyar buɗe su yadda suke. Makwaikwayi shi ke dawo masa da tsohuwar na'urar ba tare da ya nemo ta ba.

3.2.2 Yadda Yake Aiki

Kowane nau'in firosesa yana da irin umarnin da yake fahimta. Aikin makwaikwayi shi ne na tafinta tsakanin baƙuwa da mai masauki. Bochs, wanda Kevin Lawton ya fara a 1994, yana bin umarnin ne ɗaya bayan ɗaya, don haka yana da nawa. Shi kuwa QEMU, wanda Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fitar a 2003, yakan fassara gungun umarni gaba ɗaya ya adana fassarar, idan an sake buƙatarta sai ya ɗauko kawai. Duk da haka baƙuwa ba ta kai saurin da za ta yi a kan na'urarta ta asali mai ƙarfi iri ɗaya.

3.2.3 Matakan Kafawa

i. A saka QEMU a kan mai masauki.
ii. A ƙirƙiri faifan ajiya na kwaikwayo da umarnin qemu-img. Fayil ne guda ɗaya, kuma idan aka zaɓi tsarin qcow2, girmansa na ƙaruwa ne gwargwadon abin da aka zuba masa.
iii. A tanadi kwafin faifan saka baƙuwar, kamar FreeDOS, wadda kyauta ce kuma tana tafiyar da yawancin manhajojin MS-DOS.
iv. A ware mata ma'adanar wucin gadi. Megabayit 64 ya ishi FreeDOS, amma idan aka ba baƙuwa fiye da kima, mai masauki zai kasa.
v. A tayar da makwaikwayin daga faifan sakawa, a raba faifan ajiya, a kammala sakawa, sannan a sake tayarwa daga faifan ajiyar.

A taƙaice, duk abin da baƙuwa ta rubuta yana cikin wannan fayil ɗaya ne. Saboda haka ya kamata a kwafe shi kafin kowane gwaji, domin idan ya lalace sai a maye gurbinsa da kwafin a ci gaba da aiki.