Ƙasar Ilokos da Mutanenta

Duk mai son fahimtar al'ummar Ilokano, sai ya fara duban ƙasarsu. Siririyar gaɓa ce a arewa maso yammacin tsibirin Luzon na Filifin. Duwatsun Kordilera sun tokare ta daga gabas, teku kuma daga yamma. Ƙasar noma kaɗan ce, ga tsawon rani. Wannan ƙunci shi ya koya musu tsimi da tanadi, shi ya kuma tura su ci-rani. A 1906 aka ɗebi rukunin farko, mutum 15, zuwa gonakin rake na Hawai.

Turawan Sifen sun iso a 1572, amma ba su sami mutanen da sanyi ba. Diego Silang ya yi tawaye a 1762. Da aka kashe shi a 1763, matarsa Gabriela ta ja mayaƙan, har aka rataye ta a birnin Vigan.

Tsofaffin gidajen Vigan ɗin ne baƙi ke tururuwar gani a yau. A ganina, cocin garin Paoay ya fi cancantar tsayawa: an tallafe bangonsa da manyan ginshiƙai, saboda ƙasar tana yawan girgiza.