Ba Ƙasa Ce Ke Kayar da Gida Ba

Da zarar Agusta ta kama, aka ji katanga ta faɗi a Kawo ko Badarawa, sai kowa ya yanke hukunci: "Ai ginin ƙasa ne, dama me ake jira?" Wallahi na gaji da jin wannan magana. Abin haushin ma, maganin da ake ba mutane, wato su lulluɓe bangon da siminti, shi ne yake ƙarasa gidan.

Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, iska da rana su busar da shi. In aka shafe shi da siminti, an toshe masa wannan hanya. Ƙasa da siminti ba sa kama juna, ba a jimawa tsaga take fitowa, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Na taɓa ƙwanƙwasa bangon wani maƙwabcina, ya yi ƙara kamar ganga. Da ɓawon simintin ya ɓalle, cikinsa taɓo ne zalla. Daga waje kuwa sumul, har da fenti!

In ƙasa ce matsalar, ta yaya bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a Masallacin Juma'a na Zariya tun wajen 1830 suke tsaye har yau? Can a karkarar Yukren ma, inda ƙanƙara take zuba, a da manoma sun daɗe suna zama a gidan laka da suke kira mazanka. A wancan zamani, rufin ciyawa yana zarce bango, akwai dakali kewaye da gindi, mata kuma suna sabunta shafen farar ƙasa kowace shekara. Kulawa ce kawai.



Don haka, maigida, kafin ruwan farko ka zagaya gidanka. Liƙe tsaga da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, ka sake yaɓe, in ka samu makuba ka haɗa. Duba indararo, kada ya riƙa zuba a jikin bango. Kwanon rufi ya zarce katanga sosai. Yi dakali a gindin gini, ka yashe kwata, ka hana ruwan wanki kwanciya a jikin katanga. Wanda kuma ya riga ya yi shafen siminti, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa; duk inda ya ji holoƙo, ya kira magini tun kafin marka ta sauka.