Gidan da Yake Kwari

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙauyukan Miga ya san daren da ba a barci. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, samari suna kan jinga da fitilun hannu, wasu na ɗura ƙasa a buhu, wasu na ɗauka a ka. Dattawa kuma sun kafa kara a bakin ruwa, jim kaɗan su haska su ga ko ya ƙaru. A irin wannan dare ba mai tambayar gidan wa ruwa zai fara ci, domin kowa ya sani. Gidan da yake kwari ne, mai zaizayayyiyar katanga, wanda babu majiya ƙarfi a cikinsa da za su tare. Ruwa bai san mai gidan ba, ba shi da wata ƙullalliya da shi. Gangare kawai ya samu.

Na daɗe da lura cewa zargin maita haka yake tafiya a garuruwanmu, kuma a watannin nan na ruwa ya fi tasowa.

Ina yaro akwai wata tsohuwa a bayan layinmu, babba da yaro Gwaggo ake ce mata. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta biyu sun mutu tun suna ƙanana, ta ukun kuma aure ya kai ta nesa. Daddawa take yi, tana haɗawa da kuka da busasshiyar kuɓewa tana sayarwa a ƙofar ɗaki. Wata damina zazzaɓi ya kama ɗan maƙwabcinta, jiki ya yi zafi kamar garwashi, ya fara sanƙarewa, ido ya kakkafe. Cikin sambatu sai aka ji ya ce, "Gwaggo, ki bari." Kafin la'asar magana ta gama unguwa cewa an kama masa kurwa.

Har yau ina ganin tsayuwarta a tsakar gidan nan. Ta dubi uban yaron ta ce, "Haba Malam, ni da na yi masa wankan farko ranar da ya faɗo duniya?" Shi kuma hawaye na zuba ya ce, "Gwaggo, ki dubi girman Allah ki sake shi." Aka sa ta tsallake yaron, aka ba ta ruwa ta kuskure baki aka ɗura masa. Cikin dare yaron ya cika. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara sayen daddawarta. Mu yara in muka hango ta sai mu watse muna cewa "kurwata kur". Da bakina na faɗa, kuma abin bai daina ci mini rai ba.

Abin da aka koya mana game da maita ba tatsuniyar dare ɗaya ba ce, ilimi ne mai rassa, kowane reshe da bayaninsa. An ce maye yana da ƙanƙara a cikinsa, wasu 'yan duwatsu da yake iya amayo su ya sake haɗiyewa. An ce akwai maitar gado da ake sha a nono, akwai ta saye da mutum ke nema da kansa. An ce wanda ubansa ne kaɗai maye yana gani amma ba ya ci. An ce maye kan mai da kurwar mutum kaza ko ƙadangare ya ɓoye, mai kurwa ya yi ta ramewa har ranar da za a yanka ta. Har sarauta aka yi wa abin, domin akwai garuruwan da ke da Sarkin Mayu, wanda ake kai wa ƙara in an zargi wani. Kuma karin maganar nan da ke cewa in maye ya manta uwar ɗa ba za ta manta ba, ta nuna inda ciwon yake: a zuciyar uwar da ta binne ɗanta tana neman wanda za ta tambaya.

To amma ruwan da ke cin Miga ba a Miga yake sauka ba. Mafi yawansa daga ƙasar Kano yake gangarowa, ta kogin Kano da na Challawa, waɗanda suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma gudu shekara cur. Ciyawar kacala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Manomin da ya tsaya a gonarsa da ta nutse ba ya ganin Tiga, ba ya ganin sararin samaniyar Kano. Abin da idonsa ke gani shi ne jingar maƙwabcinsa.

Haka zazzaɓin yaron nan. Tushensa yana can cikin kududdufan da ambaliya ta bari, inda sauro ke ƙyanƙyasa. Zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani yakan taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kawo sanƙarewa da suma da sambatu. Yaron da ke sambatu kuwa sunan wa zai kira in ba na wadda yake gani kullum ba, wadda ke ba shi ƙanzo, wadda ta taɓa yi masa tsawa don ya taka mata shanya? Yau akwai allurar da ake yi wa irin wannan yaro a asibiti ya tashi, in an kai shi da wuri. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel maganin rigakafi wata-wata cikin damina, shi ne wanda ake bi gida-gida ana rabawa. Sa'o'in da aka ɓata ana neman wanda zai tsallake mara lafiya su ne sa'o'in da ƙwayar cuta take buƙata ta gama aikinta.

Ba na raina tsoron mutane, kuma ba na raina jingar da suke yi. Na ga wuƙar da ake ajiyewa wajen kan jariri kafin suna. Na ga laya a wuyan yaro, guru a ƙugun saurayi, kambu a dantsen masunci. Na shaƙi hayaƙin tazargade, na ga tafarnuwa a ƙulle a bakin zane, na sha rubutu da sassafe kafin in karya. Malamai sun yi magana a kan wanda ya halatta da wanda bai halatta ba cikin waɗannan, kuma abin da babu saɓani a kansa shi ne neman tsari da Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, domin Alƙur'ani ya ambaci sihiri da hassada, ya kuma koya mana inda za mu fake. Uwar da ta tofa wa ɗanta addu'a ta shafe masa jiki, buhun ƙasa ta jera a ƙofar gidanta. Ba ta cuci kowa ba.

Sai dai akwai wani abu da mutanen fadama suka sani, ba sa son faɗa da rana. In ruwa ya matsa, akan samu waɗanda za su lallaɓa cikin dare su fasa jingar da ke wancan ɓangaren, don ruwa ya sassauta musu ya tafi kan wasu. Ƙauyuka sun yi gaba a kan wannan. Nuna mutum da yatsa a ce maye ne, fasa jinga ne. Baƙin cikin da ya cika gida ya rasa mafita, sai a buɗe masa hanya ya kwarara gidan wani. Ku duba kuma ku ga inda yake kwarara. A iya rayuwata ban ga an sa matar dagaci ta tsallake mara lafiya ba, ban ga an jefi uwar mai shagon hatsi ba, ban ga an kama tsohuwar da ke da samari biyar a gida ba. Bazawara ce, ko juya, ko tsohuwar da ruɗewar tsufa ta sa take magana ita kaɗai, ko baƙon da ya zo cin rani ba shi da dangi a gari.

Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A garin Salem na Amurka, a 1692, 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu suna kiran sunaye. Mata uku na farko da aka kama su ne Tituba, wadda baiwa ce, da Sarah Good mai bara, da Sarah Osborne mara lafiyar da ta daɗe ba ta zuwa coci. Kafin ƙura ta lafa an rataye mutum 19. A Turai masana tarihi suna ƙiyasta cewa an kashe tsakanin mutum 40,000 zuwa 60,000 bisa wannan zargi cikin kusan shekara 300, mafi yawansu mata. Can ma kwari ruwan ya bi.

Abin mamaki, a ƙasashen nan ne yanzu ake samun masu ɗaukar sunan maye da kansu. Bayan Ingila ta soke dokarta ta maita a 1951, wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka mai suna Gerald Gardner ya fitar da littafi a 1954 yana bayyana addinin da aka sani yau da Wika. Mabiyansa suna taruwa in wata ya cika, su zana da'ira da wuƙa ta musamman, su yayyafa ruwa da gishiri, su kunna kyandir a kusurwoyi huɗu. Suna da bukukuwa takwas a shekara da ke bin sauyin yanayi, alamarsu kuma tauraro ne mai tsini biyar. A ƙidayar 2021 kimanin mutum 13,000 a Ingila da Wales suka rubuta shi a matsayin addininsu, kuma tun 2007 Amurka ta yarda a sa tauraron a kabarin sojan da ke bin sa. A matsayina na Musulmi ba ni da haɗi da aƙidarsu. Amma na lura da bambanci guda: su a tudu suke, su suka zaɓi sunan, suka rubuta shi a takardar gwamnati da hannunsu. Gwaggo liƙa mata aka yi.

In ana neman abin da ya yi kama da nasu a ƙasar Hausa, ba maita ba ce, bori ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ɗan bori bai ɓuya ba, garaya da goge ne ke sanar da inda yake. Shi a ganinsa ba jinga ake yi wa iska ba, kwale-kwale ake shiga a bi ta. Akwai girka da ake yi wa wanda iskoki suka taɓa, daga nan ya zama doki, mace kuma goɗiya. Kowane iska da kayansa da kiɗansa da dabbar da ake yanka masa: Malam Alhaji tsoho mai tari da carbi, Ɗan Galadima mai ado da kyauta, Kure, Inna, da Sarkin Rafi wanda ake dangantawa da ruwa. Birninsu Jangare. Turawa sun rubuta wannan tun tuni, Tremearne a 1914, Greenberg a 1946 bayan zamansa da Maguzawan Kano. Malamai sun yaƙi bori tun zamanin jihadi, kuma yau ya ja baya sosai. Abin lura shi ne, ɗan bori yana iya cewa ya tuba, a yi masa addu'a, ya koma sahu. Wadda aka kira mayya ba ta da ƙofar fita. In ta musa a ce taurin kai ne irin nasu. In ta yarda ta tsallake, ta amsa laifi ke nan. In yaro ya warke an tabbatar ita ta sake shi, in ya mutu an tabbatar ta riga ta cinye. Sunan kuma ya bi 'yarta da jikokinta mata, tunda an ce a nono ake sha, har manemin aure ya zo bincike a raɗa masa ya juya.

Mutane da yawa ba su san cewa kundin dokokin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa zargin mutum da maita cikin laifuffuka ba. Sashe na 216 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara biyu. A watan Yuli na 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutarwar da ke biyo bayan irin wannan zargi. Musulunci kuwa ya riga su, domin Suratul Hujurati ta yi hani da yawan zato, kuma ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa. Wane alƙali ne zai karɓi sambatun yaro mai zazzaɓi a matsayin shaida? Amma doka tana can birnin Dutse, littafi yana hannun malam, tsohuwa kuma tana tsakar gida mutane sun kewaye ta. Wanda zai iya tare wannan ruwa shi ne wanda yake wurin a daren: liman, mai unguwa, ko wani dattijo guda da zai ce a nemo babur a kai yaro asibiti tukuna. Ranar Gwaggo akwai dattawa a wurin. Sun sunkuyar da kai.

Damina biyu bayan haka ruwa ya shigo garinmu ta bayan layi. Samari suka yi ta jera buhu a ƙofofin gidaje, ba wanda ya je nata. Da gari ya waye ɗakinta ya zauna. Wani masunci abokin marigayi mijinta ne ya zo da kwale-kwalensa ya ce, "Gwaggo, taso mu tafi." Ta shiga da tabarma da tukunyar da take dafa kalwa, ya haye da ita, daga can ta nemi motar garin 'yarta. Ba ta waiwayo ba, mu ma ba wanda ya ɗaga mata hannu.

Da ruwa ya janye ya bar kududdufai, sauro ya tashi kamar hayaƙi. Yara uku suka kwanta a layinmu cikin mako guda. A bakin rijiya na ji mata sun rage murya, suna kallon ƙofar wata bazawara da ke yi wa mutane surfe.